Tocila Ba Ta Jin Iska

Surukina mutum ne mai tsoro, kuma ban faɗi haka don in rage masa daraja ba. Ba kura yake tsoro ba, ba ɓarawo ba. Sana'ar da ya fi kowa iyawa, ita ce abin tsoronsa. Sunansa ba zai fito daga bakina ba ko yanzu da ya daɗe a ƙasa, sai dai in ce sunan mala'ikan wahayi gare shi, mai hankali ya gane. Mutanen ƙasar Maradun kuwa Kashe-Iska suke ce masa, har Bakura da wannan suna aka san shi.

Ni ce Larai, 'yar mahauta daga Talata Mafara. Cikin jini da wuƙaƙe na tashi, don haka ba kowane abu ke kaɗa mini hanji ba. Da aka kai ni Tungar Gidaɗo gidan ɗansa Labaran (sunan miji kam yanzu ina faɗa, tsufa ya cinye wannan kunyar), sai na tarar da dattijo dogo, siriri, wanda ba ya wuce rumbu bai shafa bangonsa da tafin hannu ba. Na ce a raina, to, Allah ya haɗa ni da gidan masu taɓin hankali. Ashe tsaga yake nema.

Duk wanda ya taɓa ajiye wake ya san ƙwaron nan. Tun daga gona yake biyo shi, ƙwai ne manne a jikin ƙwaya, ido ba ya kama shi. Kafin a shiga bazara, ka kara kunne a jikin buhu ka ji ana ƙas-ƙas a ciki. Ka kwance, ka tarar kowace ƙwaya da hujinta, gari ya taru a gindi, ga wani wari mai hawa kai. Irin wannan wake ba ya ƙosai, ba ya tsiro, ko akuya sai ta yi shawara. Mata kan cuɗa nasu da toka ko barkono a tulu, yana ɗan taimakawa. Amma wa ke da tokar da za ta cika rumbu?

Baba, surukin nawa, shi da rufewa yake aiki, wato rumbun nan na laka mai tumbi, wanda ya fi mutum tsawo, bakinsa a can sama. Zai yaɓe ta ciki da waje da laka da kashin shanu, ya bi da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, har ta yi sumul kamar randa. Sai wake ya bushe ƙarau, yana fashewa a haƙori, sannan ya yarda a zuba. Daga nan ya cika kasko da garwashin ƙirya, ya ɗora a kan duwatsu bisa waken, ya kifa murfi, ya liƙe da laka. Wutar za ta yi ta cin iskar da ke ciki har ta shaƙe kanta. Ɗan abin da ya rage, ƙwarin da kansu za su ƙarasa shi da numfashinsu, su mutu da su da ƙwansu. Abin da ke zama a ciki bayan haka ba shi da wari, ba shi da launi, kuma nauyi gare shi, kwanciya yake yi a ƙasa kamar ruwa a rijiya. Jikata da ta yi boko ta ce yana da suna a littafinsu, wai kabon dayoksaid. Baba dai matacciyar iska yake ce mata.

A rijiya ya san ta. Da ƙuruciyarsa haƙar rijiya yake yi shi da ƙanensa Isa. Wata rana aka kira su yasar wata tsohuwar rijiya da ta daɗe a rufe. Isa ya sauka, Baba na riƙe da igiya. Da ya kai ƙasa ya sunkuya, sai kawai ya zauna kamar wanda gajiya ta kama, ya jingina da bango. Bai yi ƙara ba, bai ja igiya ba. Baba ya yi ta kira, rijiya na mayar masa da muryarsa. Da ƙugiya aka fito da gawarsa. Washegari Baba ya koma shi kaɗai, ya ɗaura fitilar aci-balbal a igiya ya zura. Tana isa inda kan Isa ya kai, harshen wutar ya yi ƙasa, ya mutu. Ya leƙa da kyau, ya ga ko gizo-gizo babu a rijiyar nan, ba abin da ke motsi. Tun daga ranar bai ƙara shiga rijiya ba. Sai bayan shekaru, da ƙwari suka cinye masa wake wata shekara, ya tuna da rijiyar da ba ta da ko gizo-gizo. Haka ya wayi gari yana cin abinci da abin da ya kashe ɗan'uwansa, kuma bai taɓa sakin jiki da shi ba.

To, kun san Bahaushe da kalmar iska. Baba na cewa akwai iska a cikin rufewa, mutane suka ji iskoki. Aka ce ai aljanu yake ɗaurewa a ciki su yi masa gadin wake, garwashin nan kuwa turarensu ne. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ga maganar na korar masa yara da ɓarayi, ya bar ta. Doka ɗaya ya kafa, kuma kowane yaro a tunga ya haddace ta: a buɗe baki a bar shi ya kwana ya wuni, sannan a zura wuta. In wuta ta mutu, masu wurin ba su tashi ba, kada a shiga.

Mutum ɗaya ne ya kamata a zaunar a gaya masa gaskiyar abin, shi ne Labaran, tunda shi zai gaji sana'ar. Amma Labaran ɗan fari ne. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, ba ya kallonsa ido cikin ido. Baba kuwa ya kai abin maƙura. “Wancan” yake ce masa. In yana son a ji wani abu, sai ya sami kaza ko akuya ya gaya mata a gabana, ya san zan kai. Ina tuna wata hantsi ina surfe, ya tsuguna yana kwaɓa laka, wata baƙar kaza na tono kusa da shi.

Ya ce, “Ke kaza, ki ji da kyau. Babu aljani cikin ruhewa. Iska ta ad da rai, wuta na cin ran nan kamar yadda mutum ka ci nai. Shi ya sa anka aiki wuta ta tahi gaba. Inda tam mutu, mutum ma mutuwa za shi yi. In akwai mai kunne gidan ga, shi ji.”

Kaza ta ci gaba da tononta. Ni na kai saƙo kamar yadda aka ba ni. Labaran ya yi dariya ya ce tsoho dai da camfi, yau a ce aljanu, gobe a ce iska mai rai. Na ce masa ban ga abin dariya ba. Ana cewa tsoro na daji, kunya na gida, amma mu duka biyun a gida suke kwana, kuma kowane na ƙara wa ɗan'uwansa ƙarfi.

Ana cikin haka aikin dam na Bakolori ya kankama. Samarin ƙasar nan kaf suka tafi lebura, har da mijina. Yakan dawo ranar hutu da hular kwano da takalmin roba, yana wani taku kamar shi ya gina dam ɗin shi kaɗai. Ban ga laifinsa sosai ba. Tun yana yaro ake gaya masa gulbin nan da ake wa dam na da masu shi, ba mahalukin da ya isa ya tare shi. Ga shi da idonsa ya ga katafila ta shiga gulbin ta fito, an datse ruwa, ba aljanin da ya ce uffan. Daga nan duk maganar da ta haɗa da iska, ya jefa ta kwando ɗaya. Da albashinsa ya sayo tocila a kasuwar Talata, mai jikin azurfa, yana goge ta da gefen riga kamar amarya da kwallarta.

Sannan aka ce mu tashi, ruwa zai ci tungarmu. Muka yi girbin ƙarshe a fadamar kakanni, muka kwashe ya-namu-ya-namu zuwa sabon matsuguni a kan tudu, ƙasa ce mai tsakuwa wadda ba ta riƙe damshi. Muna da wani farin wake manya da muka gada, wanda ba a samun irinsa a kasuwa. Dattawa suka ce kowa ya kawo irinsa a haɗa wuri ɗaya a hannun Kashe-Iska, don ba wanda ke da rumbu tukuna. Baba bai gina ɗakin kwanansa ba sai da ya gina rufewar nan. Aka zuba irin tunga duka, bai ko kai rabinta ba.

Wannan rabin shi ya hana Baba sukuni. Rufewa cikakkiya, daga sama ake miƙa hannu a ɗiba. Mai rabi kuwa sai an dira ciki, kuma duk sararin da wake bai cika ba, matacciyar iska ce ta cika shi. Ga gidaje a cunkushe, ga yaran wasu ƙauyuka da ba su san dokarsa ba. Ya kewaye ta da ƙaya. Ya ɗauke tsani ya kai bayan ɗakinsa ya ɗaure da igiya. Duk rani a gindinta yake wuni, in yaro ya gilma ya daka masa tsawa, shi da ba a san shi da faɗa ba. Tuwo in na kai masa, rabi yake dawowa. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Ni da nake ganin ba na tsoro, sai ga shi in zan wuce rufewar nan ina ɗauke numfashi ban sani ba. Ina da tsohon ciki a lokacin, kuma nakan yi mafarkin abin da zan haifa yana rarrafe ya nufi tsani.

Damina ta faɗi, aka shuka gero, aka yi noman fari, lokacin shuka wake ya yi. Wata asuba aka tafka ruwa mai kyau. Baba ya ce gobe zai buɗe baki, jibi a ɗiba. Da hantsi aka zo aka kira shi can ƙarshen unguwa, bangon wata tsohuwa ya zube. Yana ba da baya sai ga maƙwabcinmu Ɗanasabe da mutane a bayansa, kowa da ƙwaryarsa. Ranar Labaran na gida.

Bayan an gaisa, an tambayi kwana da gajiya da ruwa, Ɗanasabe ya ce, “Labaran, ƙasar ga ba irin tamu ta da ba ta. In munka jira jibi, ta bushe ƙarƙaf. Kai ne ɗan gida. Ka buɗe muna mu ɗiba.”

Na leƙo daga ɗaki na ce, “Baba ya ce sai ta kwana ta wuni.”

Labaran ya ce, “Kwanan ga don masu wurin su tashi na, ko? To, mu gwada mu gani in suna nan. Ba wuta anka ce a zura ba? Ga wuta.”

Ya kwanto tsani, ya janye ƙaya, ya hau, ya fasa lakar murfi. Ya ɗaura tocilarsa a igiya, ya kunna, ya fara zurawa. Mutane suka ɗaga kai suna kallo. Ni kaina a lokacin ban iya cewa ga inda kuskuren yake ba, don ai tocila ma fitila ce, haske take bayarwa. Amma maganar da aka gaya wa baƙar kaza na yi mini yawo a kai: wuta na cin ran iska kamar yadda mutum ke ci. To ita wannan ta cikin kwalba, me take ci? Na ji Labaran daga sama yana cewa, “Ta kai ƙasa, tana ci ƙal.” Na ji an fara hamdala. Ban tsaya neman mayafi ba, na fita da gudu da cikina.

Na iske Baba hannu dumu-dumu da laka. Ban taɓa tsayawa a gabansa ban durƙusa ba sai ranar. Na ce, “Baba, ya buɗe. Tocila yaz zura.”

Bai tambaye ni wa ba. Fuskarsa ta yi fari kamar toka. Ya fizgi gatarin da ke jingine a wurin ya zura da gudu, tsohon da ko sauri ban taɓa ganin ya yi ba. Ina biye ina haki, ina roƙon Allah da duk sunan da na sani.

Da muka iso, tsani ba kowa a samansa sai Ɗanasabe da ke leƙawa ciki yana cewa, “Labaran, miƙo mana. Kai, mi kaka yi zaune?” Zaune. Kalmar nan ta shiga kunnen Baba, ya nufi tsani. Ɗanasabe ya ɗaga ƙafa zai dira ya taimaka, Baba ya cafki ɗaya ƙafar ya fizgo shi ƙasa, ya ce, “Biyu za mu rufe?”

Ya shafa bangon sau ɗaya, daidai inda ya san wake ya tsaya, ya ɗaga gatari. Bangon nan shi ya gina shi da hannunsa don kada ko numfashin sauro ya ratsa, ga shi yau ya ƙi fashewa. Gatari na sauka yana tsalle. Maza na tsaye sun daskare, wasu ma ja da baya suke yi, wai kada masu wurin su fito ta kansu. Ni na ɗauki taɓarya na kama duka ta gefensa, ina zaginsu, zagi irin na 'yar mahauta, har biyu suka ji kunya suka kawo fartanya. Baba na sara yana tari, ƙurar laka ta cika masa baki. Sai na ji abin da ban taɓa ji ba tunda na zo gidan.

“Labaran!”

Kowa ya waiga. Muryar ta fito a karye, kamar ƙofar da ta shekara ba a buɗe ba. Ya sake sara, ya sake kira. A kira na uku bango ya burma, wake ya kwararo mana a ƙafafu. Baba ya ce kowa ya matsa, a bar matacciyar iskar ta zubo. Ya cika ƙirjinsa da numfashi, ya cusa kai da kafaɗa cikin ramin, ya jawo ƙafa. Muka kama muka ja. Ta cikin ramin na hango tocilar nan kwance a kan wake, tana ci ƙal, ko gezau.

Leɓunansa sun yi baƙi, idanu a kakkafe. Aka shimfiɗe shi a fili, ina fifita da faifai, Baba na danna masa ƙirji da hannuwan nan masu laka. Na riga na ga kaina cikin takaba da jariri a hannu. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Can sai ya ja wani numfashi mai gurnani kamar sa a mayanka, ya yi amai, ya buɗe ido. Baba ya janye hannunsa, ya miƙe, ya juya baya. Ya ce mini, “Ki ba wancan ruwa.” Ya zaga bayan ɗaki, muka ji yana kuka kamar yaro.

Ranar nan kowa ya tsinci irinsa a ƙasa, kuma ko ƙwaya ɗaya ba a ga mai huji ba. Aka shuka, ya fito. Da la'asar ɗin ranar da abin ya faru Baba ya tara mutane, ya kunna aci-balbal, ya ajiye tocila a gefenta, ya kifa randa a kansu. Da ya ɗaga, aci-balbal ta mutu, tocila na ci. Ya ce, “Babu aljani, ba a taɓa yi ba. Ni nab bar ku da zancen don tsoro shi tsare ku, sai ga shi wanda ya bar tsoro ba shi da abin riƙewa. Wagga tana lumfashi kamar ku. Waccan ba ta jin iska, ko cikin kabari ci za ta yi.” Ya ci gaba da sana'arsa har ƙarfinsa ya ƙare, ana ɗaukarsa zuwa Damri da Ruwan Gizo, Labaran na biye da shi da kasko da fitila. Ya koya masa komai, amma yana fuskantar bango, kuma sunan nan bai ƙara fitowa daga bakinsa ba har ya koma ga Allah.

Sai bayan na haihu na yi arba'in Labaran ya gaya mini abin da ya gani a ciki. Ina shayar da yarinya, yana zaune a bakin ƙofa yana gyaran lagwani. Ya ce da ya sunkuya zai cika ƙwarya, bai ji zafi ba, bai ji wari ba, wani barci ne mai daɗi ya taso masa. Can cikin barcin ya ji ana kiran sunansa daga nesa. Ya san muryar kowa a tunga, amma wannan bai san ta ba. Sai tsoron da ya ce ya bari ya dawo masa gaba ɗaya, ya tuna tun yana yaro ake cewa in muryar da ba ka sani ba ta kira sunanka, kada ka amsa, iskoki ne. Ya ce ya dage ya ƙi amsawa, yana ta ƙara nutsewa don ya guje mata.

Ya ɗago ya dube ni. “Larai, ke kina waje. Wa yak kira ni?”

Ashe duk kwanakin nan ba wanda ya gaya masa, kowa na jin nauyin tsoho. Na ce, “Ubanka na.”

Ya ajiye lagwanin. Sannan ya tambaye ni, a hankali, sau nawa.